Zanen Japanawa Mai Motsi da Tatsuniyarmu ta Gida



Sa'ad da aka rubuto mini takardar gayyata, an ce in zaɓi abin da na ga dama in yi magana a kai, kuma na san mutane da yawa sun zaci zan ɗauko karin waƙa ko kuwa tarihin rubutun ajami, tun da yake su nake koyarwa. Da aka liƙa sanarwa a allo, wani abokin aikina ya tare ni a baranda ya ce, "Haba Malam, da girmanka da digirinka, sai ka tara mutane a kan katun?" Na ce masa ya zo ya zauna a layin gaba, ga shi can kuwa ina hangensa, ya cika alkawari. To, abin da zan yi magana a kai shi ne zanen nan mai motsi na Japanawa wanda duniya ta sani da sunan anime. Na fi shekara talatin ina kallonsa, tun ina firamare har yau da furfura ta fara leƙowa, kuma ina so in bayyana dalilin da ya sa ban daina ba, da irin rassansa da suka fi kwanta mini a rai.

Kalmar kanta ara ce Japanawa suka yi daga Turanci suka gutsure ta, kamar yadda mu ma muke yi wa kalmomin aro. A wurinsu kowane zane mai motsi anime ne, ko daga ina ya fito, amma a sauran ƙasashe an keɓe sunan ga nasu kaɗai. Yana da ɗan'uwa da ake kira manga, watau labari cikin zane a takarda, kuma da yawa daga abin da ake gani a talabijin daga manga aka ɗauko shi.

Na fara gamuwa da shi a ƙarshen shekarun 1980, a zauren wani maƙwabcinmu mai akwatin talabijin baƙi-da-fari. Da la'asar sakaliya mukan cika zauren maƙil muna jiran wani shiri da ake kira Voltron, labarin matasa biyar masu tuƙa zakoki biyar na ƙarfe, waɗanda in yaƙi ya yi tsanani sai zakokin su haɗu su zama ƙaton mutum-mutumi guda mai takobi. Sai bayan shekaru na gane ashe kowane zaki da launinsa, don mu a wurinmu duk toka-toka ne. Turancinmu bai kai ya kawo ba, saboda haka wanda ya fi mu aji shi ke fassara, rabi gaskiya rabi ƙari. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar yaƙi, sai mu fita waje mu ƙarasa labarin da bakinmu. Ba wanda ya taɓa ce mana abin daga Japan yake. Mun ɗauka na Amurka ne, tun da Turancin Amurka ake yi a ciki.

Sai da na tafi Ingila karatun digiri na uku na san gaskiyar al'amarin. A gidan ɗalibai da na zauna akwai wani Bajapane mai nazarin ilmin harsuna, wata rana muna hira a madafa na ba shi labarin zakokin nan, sai ya yi dariya ya ce ai nasu ne. Sunansa na asali GoLion, kamfanin Toei ya yi shi a 1981, Amurkawa suka saya suka sake masa murya suka fito da shi a 1984. Ya samo mini na asalin muka kalla tare, a nan na ga abin da ya girgiza ni. Akwai ɗaya daga cikin matasan biyar wanda a namu aka ce ya ji rauni an kai shi wata duniya jinya, gimbiya ta karɓi zakinsa. A na Japanawa kashe shi aka yi, tun a farkon labarin, abokansa suka binne shi suka yi kuka. Haka kuma mayaƙan abokan gaba da ake karkashewa, a namu an ce ai duk na'urori ne, don kada a ce an kashe mai rai. Watau dai Amurkawa sun yanke hukunci cewa yaro ba zai iya ɗaukar labarin mutuwa ba, sai suka share ta.

A lokacin ina tsakiyar rubuta kundina a kan tatsuniyoyin Hausa, sai na tsaya na tambayi kaina, shin kakanninmu mata sun taɓa share mana mutuwa daga tatsuniya? Dodo yana haɗiye mutane, kishiya tana jefa 'yar kishiyarta a rijiya, Gizo yana yaudarar abokinsa har ya hallaka, kuma duk a gaban yara ake faɗa, a tsakar gida, bayan an ci tuwon dare. Tsohuwa ba ta taɓa ganin yaro ya yi ƙanƙanta da sanin cewa duniya tana da haƙora ba. Tun daga ranar na fara kallon anime da idon mai nazarin adabi, kuma ra'ayin da na tsaya a kai har yau shi ne, wannan fasaha jikar mai tatsuniya ce, ta gaji halinsa na faɗa wa yaro gaskiya cikin ƙagaggen labari.

Wannan magana kuwa tana da tushe a tarihi. A shekarun 1930, lokacin da kasuwa ta faɗi aikin yi ya yi wuya, an sami wasu mutane a biranen Japan masu yawo a kan keke da ɗan akwatin katako a baya. In mutum ya iso unguwa sai ya buga 'yan sanduna biyu, yara su taru, ya sayar musu da alewa, wanda ya saya shi ke tsayawa a gaba. Sa'an nan ya riƙa zare hotunan da aka zana ɗaya bayan ɗaya daga cikin akwatin yana ba da labari, yana sauya murya, in ya kai inda rai ya fi tashi sai ya tsaya ya ce sai gobe. Ana kiran wannan sana'a kamishibai, ma'ana wasan kwaikwayon takarda. Da talabijin ya shigo ƙasar a 1953 sana'ar ta fara mutuwa, har mutane suka riƙa kiran talabijin ɗin kamishibai mai lantarki, masu zanen kuma da yawansu suka koma manga.

Sai kuma Tezuka Osamu, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 1989. Likita ne a karatu, amma zane ya zama sana'arsa. Ranar 1 ga Janairu 1963 ya fara nuna Tetsuwan Atomu a talabijin, labarin wani yaro na ƙarfe da wani masani ya ƙera don ya maye gurbin ɗansa da ya mutu a hatsarin mota. Ku lura, tun daga tushe da mutuwa aka fara. Shirin ya yi kashi 193, ana nuna sabo kowane mako, abin da masana sana'ar suka ce ba zai yiwu ba. Majigi yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kamfanin Disney kuwa a manyan finafinansa yakan zana 12 zuwa 24 don motsi ya yi santsi. Tezuka ba shi da kuɗin haka, ba shi da lokacin haka. Sai ya rage zuwa 8 ko ƙasa da haka, ya bar fuska tsaye baki kaɗai ke motsi, ya ajiye wasu zane yana maimaita su mako bayan mako, wani lokaci ma hoto ɗaya ne kurum za a ja shi a gaban kyamara. To, da motsi ya yi ƙaranci, dole nauyi ya koma kan abin da ba ya cin kuɗi, watau labari da murya da shiru da iya tsayawa a inda rai ya tashi. Waɗannan kuwa su ne kayan aikin mai keke da akwati, su ne kuma kayan aikin tsohuwa a tsakar gida. Talauci ne ya haifi salon, daga baya salon ya zama abin alfahari.

Yanzu bari in zo kan rassa. Na farko da na fara so shi ne na mutum-mutumin ƙarfe, dangin zakokin nan. Ba zan daɗe a kansa ba, don na girme shi, sai dai in ambaci Gundam na Tomino Yoshiyuki, na 1979, wanda ya juya reshen gaba ɗaya. Kafinsa mutum-mutumi jarumi ne, abokan gaba dodanni ne. A Gundam ya zama makami kawai kamar tankar yaƙi, mai tuƙa shi yaro ne ɗan shekara 15 da tsoro ya cika shi, waɗanda yake kashewa kuma mutane ne masu iyaye da 'yan'uwa.

Na biyu shi ne wanda na san ɗalibanmu sun fi so, labaran samari na faɗa da gasa. Mujallar da ta fi fito da su, Shonen Jump, an kafa ta a 1968, kuma an san ta da jigogi uku: abota da ƙoƙari da nasara. Daga cikinta Dragon Ball na Toriyama Akira ya fito a 1984, One Piece a 1997, Naruto a 1999. Abin da ke burge ni a nan, jarumi ba ya kai duka sai ya ambaci sunan dukan da ƙarfi, ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi wanda ya koya masa. Turawan da na zauna da su suna ganin wannan wauta ce, wai ina mai faɗa ya ga lokacin jawabi? Ni kuwa da na taso ina kallon dambe, ban ga baƙon abu ba. Ɗan dambe ba ya shiga fili sai ya yi kirari, makaɗi ya zuga shi, an ambaci ubangidansa da waɗanda ya kayar. Rabin damben a baki ake yinsa. A cikin wannan reshe wanda na fi ƙauna shi ne na ƙwallon ƙafa, Captain Tsubasa na Takahashi Yoichi, wanda ya fara a takarda a 1981 ya hau talabijin a 1983. Waɗanda suka kalle shi da Larabci ta tauraron ɗan'adam sun san shi da Kyaftin Majid. Wasa ɗaya yakan ci makonni, fili ya yi tsawo har raga ta ɓuya a bayan tudu, ɗan wasa ya yi tsalle ya tuna dukan tarihin rayuwarsa kafin ya sauko. Abin dariya ne, amma a lokacin da aka fara shi Japan ba ta da gasar ƙwararru, sai a 1993 aka buɗe ta, a 1998 kuma ƙasar ta je gasar cin kofin duniya karo na farko, da 'yan wasan da suka taso suna karanta shi. Laifin wannan reshe ɗaya ne, ba ya sanin inda zai tsaya. One Piece ya haye kashi 1000 a 2021. Tsohuwa ta fi su dabara, ita takan ce ƙurunƙus kafin yara su yi barci.

Na uku shi ne inda zuciyata take, watau labaran iskoki da dodanni. Japanawa suna da tarin halittun ɓoye a al'adarsu, na kogi da na dutse da na tsohon gida da na tsohuwar laima, suna kiransu yokai. Wanda ya fi kowa raya su a wannan zamani shi ne Mizuki Shigeru, wanda ya rasa hannunsa na hagu a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya yi zanen kamishibai, sa'an nan ya koma manga. Ya ce abin da ya sani game da iskoki daga wata tsohuwa ya ji shi, wadda take zuwa aiki gidansu yana yaro. Shirinsa GeGeGe no Kitaro ya fara fitowa a talabijin a 1968, ana ta sabunta shi har bayan rasuwarsa a 2015. Ya kamata in faɗa a fili, tun da na ga wasu suna gyara zama, cewa abin da Japanawa suka yi imani da shi game da waɗannan halittu ya saɓa wa namu, kuma ni a matsayin adabi nake dubansu, kamar yadda muke duban Dodo da Gizo a aji ba tare da wani ya ce mun bauta musu ba.

A cikin wannan reshe akwai fim ɗaya da nake so mu tsaya a kansa, na Miyazaki Hayao, mai suna Sen to Chihiro no Kamikakushi, wanda ya fito a 2001, ya ci babbar lambar bikin finafinai na Balin a 2002 da lambar Oscar a 2003, ya kuma riƙe kambin fim mafi kawo kuɗi a Japan har zuwa 2020. Yarinya ce 'yar shekara 10, Chihiro, suna ƙaura da iyayenta sai suka ɓata hanya suka faɗa wani gari da ba kowa. Ga abinci jibge a rumfuna, ba mai sayarwa. Iyayen suka zauna suka hau ci, uban yana cewa ai yana da kuɗi zai biya. Yarinyar ta ƙi taɓawa. Kafin magariba iyayen sun rikiɗe sun zama aladu. Don ta cece su sai ta nemi aiki a gidan wankan iskoki, wurin wata mayya, wadda ta ƙwace mata suna ta bar mata guntu, Sen, da sanin cewa duk wanda ya manta sunansa na asali ba zai sake komawa gida ba. Ana nan sai ga wani baƙo ya zo, ƙazami mai ɗoyi, kowa ya toshe hanci ya gudu, aka tura yarinyar. Ta yi masa hidima da ladabi, har ta ji wani abu ya cake a jikinsa, aka taru aka ja, sai ga tsohon keke da tarin sharar da mutane suka zuba. Ashe iskan kogi ne babba, ya yi mata kyauta ya tafi.

Ɗaliban da suka yi darasin adabin baka da ni, na ga kun fara murmushi. Wannan ai 'yar bora ce a tatsuniyar Ruwan Bagaja, ina nufin tatsuniyar ta baka, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934. An tura 'yar bora wankin ƙirgi a ruwa mai nisa, ta wuce kogunan abinci iri iri suna yi mata tayi tana ƙi, ta isa gidan da ta tarar da cinya da kare, abin da zai sa kowa dariya ko gudu, ita kuwa ta yi sallama ta gaishe su ta yi abin da aka sa ta, ta komo da arziki. 'Yar mowa ta bi sawu, ta ci duk abin da ta gani, ta yi wa masu gida ba'a, ta komo da abin kunya. Ku duba ginshiƙan: yaro shi kaɗai a duniyar da ba tasa ba, abincin da ba a san mai shi ba, abin ƙyama da yake gwajin ladabi, sa'an nan sakamako. Ba na cewa Miyazaki ya ji tatsuniyarmu, ko mu mun ji tasu. Abin da ya fi jan hankalina ma shi ne inda suka rabu. A wurinmu kwaɗayi na 'yar mowa ne, yarinya ce ke kuskure manya su hukunta. Miyazaki ya ɗora kwaɗayin a kan iyaye, mutanen da suka yi ƙuruciyarsu a shekarun 1980 lokacin da kuɗi ya yi wa Japan yawa, ya bar yarinya da aikin fansarsu. Ya kuma sa sharar zamani a cikin cikin kogi. Ya ɗauki tsohon zubi ya zuba masa damuwar zamaninsa, kuma wannan shi ne abin da nake ta roƙon marubutanmu su gwada da Gizo da Ƙoƙi, maimakon a riƙa kwafe su a littafin firamare kamar gawar da aka shafe da turare.

Akwai wani wuri a fim ɗin da yarinyar ta shiga jirgin ƙasa mai tafiya a kan ruwa. Minti biyu ko uku ba a cewa kome, ba abin da ya faru, tana zaune tana duban taga, fasinjoji kamar inuwa suna sauka ɗaya ɗaya har dare ya yi. Na kalli wannan wuri ya fi sau ashirin. Duk wanda ya taɓa barin gida yana ƙarami, aka sa shi a mota zuwa makarantar kwana ko aka kai shi almajiranci wani gari, ya san wannan zama.

Reshe na huɗu ban san ko in ce ina sonsa ba, don sau biyu kawai na iya kallon babban misalinsa. Shi ne Hotaru no Haka na Takahata Isao, na 1988, wanda aka gina a kan labarin Nosaka Akiyuki na 1967. Sunan yana nufin kabarin ƙwarin nan masu walƙiya da dare. Yaro ne ɗan shekara 14 da ƙanwarsa 'yar shekara 4, jiragen Amurka suka ƙone garinsu Kobe a 1945, uwarsu ta mutu. Suka koma wurin wata gwaggonsu, da abinci ya yi wuya ta fara yi musu gori, yaron ya yi zuciya ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani ramin ɓuya a bakin tafki, a can yunwa ta kashe ta, shi ma ya bi ta. Nosaka ya rasa tasa ƙanwar ta haka, Takahata kuma yana ɗan shekara 9 ya tsere daga wutar bama-bamai a garin Okayama. Abin lura, Takahata ya ƙi yarda a kira fim ɗin wa'azin ƙin yaƙi. Shi abin da ya dame shi shi ne yaron da ya kasa haɗiye gori, da jama'ar da ta bar yara biyu suka fice daga cikinta ba wanda ya bi sawunsu. A rana ɗaya aka fito da shi da Totoro na Miyazaki, fim mai sanyi na yara, ana nuna su a jere da tikiti ɗaya. Ku tuna da Amurkawan da suka kai mataccen matuƙin zaki asibiti.

Kada a ce na zo tallar haja, akwai abin da ba na so. An cika kasuwa a 'yan shekarun nan da labarin saurayin da ya gaza a duniya, mota ta buge shi, ya farka a wata duniya inda ya fi kowa ƙarfi ba tare da ya sha wahalar kome ba. In ka ga ɗaya ka ga ɗari, kuma kishiyar 'yar bora ne, arziki ba gwaji. Akwai kuma waɗanda ake zana mata a cikinsu ta hanyar da ba zan bari 'ya'yana su gani ba, saboda haka iyayen da ke nan su daina ɗauka cewa duk abin da aka zana na yara ne, su duba kafin su miƙa waya. Sa'an nan arahar da Tezuka ya karɓi aiki da ita a 1963 ta zama gado, har Miyazaki ya soke shi a kan haka a shekarar da ya rasu. Ƙananan masu zane da yawa ana biyansu ne a kan kowane hoto, suna kwana a kan tebur, kamfanoni na kwasar riba.

Abokina na layin gaba, na ga ka rubuta wani abu a takarda, na san tambaya ce. Shugaba ya nuna mini agogo tun ɗazu, saboda haka zan zauna in saurare ka.